Na'urar Ƙiyasin CollegeVine: Ta Isa a Ɗaura Alkawari da Jami'a a Kan Maganarta?

Common App, shafin da ake neman shiga jami'o'in Amurka da yawa da takarda ɗaya, na buɗe sabuwar kaka ran 1 ga Agusta, kuma daga ranar har 1 ga Nuwamba tambaya ɗaya ce ke hana 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu harin manyan jami'o'in Amurka barci: in na miƙa takarduna da wuri, za a ɗauke ni? CollegeVine, wani kamfanin Amurka da aka kafa a 2013, ya ƙera na'urar ƙiyasi da ke amsa wannan tambaya da lamba. Za ka buɗe asusu kyauta, ka zuba makinka na makaranta, da na SAT ko ACT, wato jarabawar shiga jami'a ta Amurka, da yawan darussa masu wuya da ka ɗauka, da ayyukan da kake yi bayan an tashi daga aji. Sai ta jero maka jami'o'i, kowace da kashi cikin ɗari a gabanta, ta kuma kasa su: ga waɗanda kusan a hannu suke, ga sa'anninka, ga waɗanda sai an yi tsalle.

Gara a ji hukuncinmu tun daga farko. Kayan aiki ne mai amfani wajen tsara jerin jami'o'i da kwantar wa yaro zumuɗi. Amma wanda ya dogara da lambarta wajen zaɓen jami'a guda da zai ɗaure kansa da ita a Nuwamba, musamman ɗalibin da ke wajen Amurka kuma yake buƙatar tallafin kuɗi, cinikin biri ya yi a sama.

Sai an san ƙofofin kafin a gane dalili. Wadda jami'o'in ke kira Early Decision ƙofar ɗauri ce. Jami'a ɗaya tak ake nema ta nan, galibi zuwa 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito tsakiyar Disamba. Mutum uku ke sa hannu a takardar alkawari: ɗalibi, uba ko uwa, da jami'in makaranta. In an ɗauke ka, dole ka janye duk takardun da ka aika wasu wurare, ka tafi can. Uzuri ɗaya aka yarda da shi, wato tallafin da aka ba ka bai isa ya kai ka ba. Brown, Columbia, Cornell, Dartmouth, Penn, Duke da Northwestern duk haka suke yi. Early Action kuwa ƙofar saki ce: ka nema da wuri, ka ji amsa da wuri, amma kana da sarari har 1 ga Mayu kafin ka ce e ko a'a. MIT na cikin masu wannan. Harvard, Yale, Princeton da Stanford sun tsaya a tsakani. Ba su ɗaure ka, amma sun hana ka neman wata jami'a mai zaman kanta ta Amurka da wuri a lokaci guda. Sai babbar ƙofa ta kowa da kowa, wadda ake rufewa a farkon Janairu, amsa ta zo ƙarshen Maris.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne alƙaluman da ake bugawa. A Disambar 2023 Harvard ta ɗauki 692 cikin 7,921 da suka nema da wuri, wajen kashi 8.7 cikin ɗari. A ƙarshen kakar, jimillar waɗanda ta ɗauka 1,937 ne cikin 54,008, kashi 3.6. Duk wanda ya ga wannan zai ce sammako ya ninka rabo fiye da sau biyu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani bincike da masana a Harvard suka fitar a 2003 ya nuna cewa neman wuri, a manyan jami'o'in wancan lokaci, tamkar ƙarin maki 100 ne a SAT. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jami'a na son ta san tabbas wa zai zo, kuma wanda ya sa hannu a takardar ɗauri ba ya gudu. Shi ya sa wasu daga cikinsu ke cike kusan rabin ajin sabbin ɗalibai ta wannan ƙofa. Harvard da Princeton sun taɓa soke ƙofar wuri ɗungurum a 2006, bisa hujjar cewa 'ya'yan masu hali take fifitawa, sai dai da sauran suka ƙi bin su, sun dawo da ita a 2011.

To amma su wa ke cikin taron na Nuwamba? Nan ne lissafi ke karkacewa. 'Yan wasan da kociyoyi suka riga suka zaɓa, mafi yawansu ta ƙofar wuri suke shigowa. Haka 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da na ma'aikatan jami'ar, da na masu ba da gudummawa. Takardun da suka fito a shari'ar da aka yi da Harvard, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ran 29 ga Yunin 2023, sun nuna cewa cikin shekara shida da aka duba an ɗauki kusan kashi 86 na 'yan wasan da aka gayyato, da wajen kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, alhali gama-garin masu nema ba su wuce kashi 6 ba. Kai da ba ka da koci, ba ka da uba a tsohon kundin makarantar, lambar da aka buga a jarida ba taka ba ce.

Bari a yi lissafin da alƙaluman misali. A ɗauka wata jami'a ta samu masu nema 6,000 ta ƙofar ɗauri, ta ɗauki 900. Kashi 15 ke nan. A ce cikin 900 ɗin, 200 'yan wasa ne daga cikin 220 da suka nema, 130 kuma 'ya'yan gida ne daga cikin 450. Cire su, saura gurbi 570 ga mutum 5,330, wato ƙasa da kashi 11. In jimillar masu nema a shekarar 50,000 ne, aka ɗauki 2,600, to babbar ƙofa ta ba da gurbi 1,700 ga mutum 44,000, kusan kashi 4. Riba dai tana nan, amma ta ragu, kuma ko ita ɗin wani ɓangarenta daga ingancin masu sammakon ne, domin wanda ya gama komai a Oktoba galibi shi ne wanda ya fi shiri. MIT ma fili take faɗa cewa neman wuri ba ya ƙara wa kowa komai a wurinta, kuma mafi yawan masu sammakonta ɗage musu hukunci take yi zuwa zagaye na gaba.

Yanzu ga na'urar kanta. Abin yabo na farko, ba ta tsaya ga maki kaɗai ba. Akwai shafuka da yawa da lamba biyu kawai suke tambaya, makin makaranta da na SAT, su yi maka duba kamar masu bugun ƙasa. CollegeVine ta fi su hankali, don ta gane yadda manyan jami'o'i ke aiki: maki shi ke kai takardarka kan tebur, sauran abubuwa ke fitar da ita daga cikin tari. A Harvard rabin waɗanda ake ɗauka makinsu na SAT na tsakanin wajen 1500 da 1580 ne cikin 1600, a MIT kuwa ɓangaren lissafi 780 zuwa 800 ne. Wanda ya kai nan bai burge kowa ba tukuna, layi kawai ya shiga. Na'urar na nuna wannan a aikace. Ka ɗaga makin daga 1350 zuwa 1500 a jami'o'in tsakiya ka ga lamba ta motsa sosai, ka ɗaga daga 1540 zuwa 1580 a manyan ka ga da ƙyar ta gusa. Wannan kaɗai ya isa ya hana yaro ɓata watan Oktoba yana sake zama jarabawa karo na huɗu maimakon ya zauna ya gyara rubutunsa.

Abin yabo na biyu shi ne matakai huɗu da ta kasa ayyukan bayan aji. Mataki na ɗaya na abin da ba kasafai ake samu ba ne, kamar cin gasa ta ƙasa baki ɗaya. Na biyu babban shugabanci ne ko fice a matakin jiha. Na uku ƙananan muƙamai, irin ma'ajin ƙungiya. Na huɗu zama memba kawai. Yara da yawa kan zaci yawan ƙungiyoyi ne abin so, su cika gurabe goma na Common App da sunayen kulob-kulob da ba su yi komai a ciki ba. Matakan na koya musu cewa abu biyu masu nauyi sun fi tarkace goma.

Sai dai a nan aibi na farko yake, don ɗalibi ne ke auna kansa, kuma ma'aunin da misalan Amurka aka yi shi. Yarinyar da ta wakilci jiharta a musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, ba za ta ga irin aikinta a misalan ba, sai ta jefa shi mataki na huɗu a matsayin harkar addini, alhali hadda da gasa a matakin ƙasa abu ne na mataki na ɗaya ko na biyu. Yaron da ke tsaron shagon babansa awa huɗu kullum, yana riƙe da littafin bashi da sayo kaya daga kasuwa, bai ma san aiki ne da ake rubutawa ba. Ana rubutawa. Common App na da rukuni na musamman na ɗawainiyar gida, da na aikin neman kuɗi. A ɗaya gefen kuma ga wanda aka ba shi hular shugaban ɗalibai na zango biyu ya ɗora kansa a mataki na ɗaya. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. Kuma a takardar ta gaskiya harafi 150 kacal gare ka na bayanin kowane aiki, don haka lambobi ake so: yara nawa ka koyar, awa nawa a mako, shekara nawa, na nawa ka zo cikin mutum nawa.

Aibi na biyu ya fi girma, kuma ya shafi duk wanda bai yi karatu a tsarin Amurka ba. Na'urar na son matsakaicin maki a ma'aunin 4.0. A Amurka A daga wajen 90 take farawa. A tsarin WAEC kuwa A1 daga 75 ne, B2 70 zuwa 74, B3 65 zuwa 69. Ɗauki yaro a wata makaranta a Kano mai 78 a kimistiri, shi ne na ɗaya a ajinsu. In ya juya makin da jadawalin Amurka, ya koma 2.3, ɗalibi mai rauni. In ya bi harafin da makarantarsu ta ba shi, 4.0 ne. Yaro ɗaya, takarda ɗaya, amma na'urar za ta ba shi amsoshi biyu da suka yi hannun riga. Ɗan Maradi ko Damagaram mai 14 bisa 20, wanda a tsarin Faransa maki ne na yabo, in ya mayar da shi kashi 70 cikin ɗari ya kashe kansa da kansa. Haka zancen darussan AP, masu matakin jami'a da ake koyarwa a sakandaren Amurka, waɗanda na'urar ke ƙirgawa. Makarantar da ba ta koyar da su sifili za ka rubuta, alhali jami'an ɗauka suna auna ɗalibi ne da abin da makarantarsa ke da shi. Galibi kowane yanki na duniya da jami'in da ke karanta takardunsa, wanda ya san mene ne A1. Saboda haka a takardar gaskiya kada ka juya maki ko ɗaya. Aika shi yadda yake, tare da jadawalin makarantar.

Wani abin da ake yawan tuntuɓe a kai: jami'o'in na son sakamakon shekara huɗu na ƙarshe, wanda a Najeriya ya kama daga JSS3 zuwa SS3. Ɗan SS3 da ke nema a Nuwamba bai zauna WAEC ba tukuna, sai Mayu da Yuni, sakamako ya fito wajen Agusta. Da sakamakon JSS3, SS1 da SS2 za a yi masa hukunci. In SS1 ɗinsa ta yi rauni kuma yanzu ne yake tasowa, sammako cutarsa zai yi, gara ya jira Janairu zangon farko na SS3 ya shiga cikin takarda. Da yawa ma kan jira su karɓi WAEC su nema a shekarar da ke biye, da A1 ɗinsu a jere. Na'urar ba ta ba da irin wannan shawara, don lamba ɗaya ta karɓa, ba ta ga hawa da saukar da ke cikinta.

Aibi na uku kuɗi ne. Bahaushe ya ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, kuma a wannan harka maganar ta zauna daram. Kuɗin shekara guda a manyan jami'o'i masu zaman kansu, da makaranta da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. 'Yan kaɗan ne ba sa duba aljihun baƙon ɗalibi kafin su ɗauke shi, kuma su biya duk abin da gidansu ya kasa, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, sai Dartmouth da Bowdoin da suka shigo a 2022, da Brown da ta fara da ɗaliban da suka shiga a 2025. A Maris 2025 Harvard ta sanar cewa gidan da ke samun dala 100,000 ko ƙasa a shekara ba zai biya komai ba. Sauran kuwa, har da Columbia, Cornell da Penn, in kai baƙo ne buƙatarka ta kuɗi na cikin abin da ake aunawa. Ɗalibai biyu masu maki ɗaya, ɗaya zai biya duka, ɗaya yana neman dala 80,000 sau huɗu, ba layi ɗaya suke ba. Ko a inda ba a duba aljihu, guraben baƙi kaɗan ne. A MIT, inda jimillar ɗauka ke wajen kashi 4 zuwa 5, na baƙi wajen kashi 2 ne a 'yan shekarun nan. Duk lambar da aka gina bisa bayanan da mafi yawansu na 'yan Amurka ne, to ta yi wa baƙo mai neman tallafi yawa.

Kada kuma wani ya ce bari ya ɓoye buƙatarsa don a ɗauke shi, daga baya ya roƙa. Jami'o'i da yawa sun rubuta a fili cewa baƙon da bai nemi tallafi tun farko ba, ba zai samu ba har ya gama. Takardar neman tallafin, CSS Profile ta College Board, hukumar da ke shirya SAT, dala 25 ce ga jami'a ta farko da 16 ga kowace ƙari, kuma ga masu ƙofar wuri ita ma a Nuwamba ake son ta. Tana tambayar kuɗin shigar uba da na uwa, gida, gona, kasuwanci, da yawan waɗanda ake ciyarwa. Gidan da uba ɗan kasuwa ne ba mai takardar albashi ba, a fara haɗa bayanan banki da takardun shaida tun Satumba.

To da me za a maye gurbin lambar? Akwai wata takarda da mafi yawan jami'o'in Amurka ke wallafawa duk shekara, sunanta Common Data Set. Rubuta sunan jami'ar da wannan suna a Google za ka same ta. Ba ta da kyan gani, tebura ne zalla, amma daga bakin mai ita take. Sashe na C1 na ba da yawan masu nema da waɗanda aka ɗauka. C21 na ba da na ƙofar ɗauri kaɗai, in jami'ar ta cike shi, sai ka cire wannan daga wancan ka yi irin lissafin da muka yi a sama. C9 na nuna makin SAT na waɗanda suka shiga. C7 kuwa jeri ne na abin da jami'ar ke aunawa, kowane da matsayinsa daga mai matuƙar muhimmanci zuwa wanda ba a dubawa: rubutu, wasiƙun malamai, hali, dangantaka da tsofaffin ɗalibai, har da ko suna la'akari da yadda ka nuna sha'awarsu. Wanda ya fi duka amfani ga baƙo shi ne H6, inda aka rubuta baƙin ɗalibai nawa ne ke samun tallafi da matsakaicin abin da ake ba kowanne. A kula, adadin na dukkan azuzuwa huɗu ne. In ka ga 40, to wajen mutum 10 ke nan a shekara, daga duniya baki ɗaya. In kuma matsakaicin dala 25,000 ne alhali kuɗin shekara 85,000 ne, kai kuma gidanku 3,000 zai iya, to ka cire sunan jami'ar ko da na'urar ta ce a hannu take. Ga mai neman cikakken tallafi daga waje babu jami'ar da take a hannu.

Akwai kuma rabin takarda da babu na'urar da ke gani. Babban rubutu na Common App kalma 250 zuwa 650 ne, bayan shi ga ƙananan tambayoyin kowace jami'a. Ga wasiƙun malamai biyu, da wasiƙar jami'in ba da shawara, da rahoton makaranta. A makarantun da babu irin wannan jami'i, shugaban makaranta ko mataimakinsa ko malamin aji na iya tsayawa. Matsalar da ake samu ita ce irin wasiƙar: layi uku da ke cewa yaro mai ladabi ne, mai biyayya, mai ƙwazo. Wannan ba ta ɗaga kowa. Ana son malami ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ranar da yaron ya warware wata tambaya ta hanyar da ba a koya masa ba, da matsayinsa cikin ɗaliban da malamin ya koyar a shekara goma. A haɗa da shafi guda na bayanin makarantar: ɗalibai nawa ne a aji, yaya ake ba da maki, mutum nawa ke samun A1. Ba tare da shi ba, 78 ɗin nan ba ta da mai kare ta. Malami na buƙatar aƙalla wata guda, da adireshin imel da yake buɗewa, domin gayyatar Common App ta nan take zuwa, kuma an sha samun takardar yaro a rataye saboda saƙon ya faɗa akwatin tarkace. CollegeVine ta buɗe wani tsari na kyauta da ɗalibai ke duba wa juna rubutu. Yana kama kuskuren nahawu da jimlar da ta ruɗe, amma mai dubawar ɗalibi ne kamarka, kada ka sake wa labarinka kama saboda shi.

Kuskure ɗaya da lambobin ke jawowa ya cancanci a tsaya a kansa. Yaro ya jera jami'o'i goma, kowace kashi 8, ya tara ya ce kashi 80 gare shi. Ko da a ce kowace ƙuri'a ce mai zaman kanta, lissafin wajen kashi 57 yake bayarwa. Kuma ba masu zaman kansu ba ne, don rubutu ɗaya da wasiƙu ɗaya suke karantawa. Raunin da ya kayar da kai a ɗaya yana nan a sauran tara. Common App na ba da damar jami'o'i 20, kowace da kuɗin nema na wajen dala 70 zuwa 100, sai dai wanda ba shi da hali zai iya neman a yafe masa, jami'in makaranta ya tabbatar.

Kyauta kuma ba ta rasa dalili. Kamfanin na sayar wa jami'o'i hanyoyin kaiwa ga ɗalibai, saboda haka kafin ka zuba bayananka duba saitin abin da za a iya nuna wa wasu. Saƙon da wata jami'a ta turo cewa tana sha'awarka talla ce, kada a kai wa Baba albishir.

Ga yadda za mu ce a yi amfani da ita. A zuba bayanai sau biyu, ɗaya da tsaurarawa ɗaya da sassauci, a ga tazarar. A ɗauki ƙaramar lambar a matsayin rufi. A yi amfani da jerin wajen gano jami'o'in da ba a taɓa jin sunansu ba, musamman ƙananan kwalejoji masu kuɗi irin Amherst da Bowdoin, waɗanda mutane kan raina saboda kalmar kwaleji alhali digiri suke bayarwa. Daga nan a koma C21 da H6. Ƙofar ɗauri ta dace da wanda sharuɗɗa huɗu suka cika masa: jami'ar ce zaɓinsa na farko ba tantama, makinsa ya kai na tsakiyar waɗanda take ɗauka, takardunsa sun kammalu kafin ƙarshen Oktoba, kuma jami'ar ta yi alkawarin biyan cikakkiyar buƙatar duk baƙon da ta ɗauka. In ɗaya ya faɗi, ƙofar saki ko ta Janairu ta fi. Wanda ya ɗaure kansa ya rasa damar ajiye tayin tallafi biyu ko uku gefe da gefe ya zaɓa, kuma in ya saɓa alkawari ba bisa uzurin kuɗi ba, makarantarsu da ƙannensa na baya ne za su ɗauki nauyin.

Maganar jarabawa ta sauya, a kiyaye. MIT ta dawo da wajabcin SAT ko ACT a 2022, Dartmouth, Brown, Harvard da Caltech suka biyo a 2024. SAT yanzu a kwamfuta ake yin ta da manhajar Bluebook, awa biyu da minti 14, kuma a wajen Amurka kuɗinta ya haura dala 100. Mai harin 1 ga Nuwamba ya zauna a Agusta, ya bar ta Oktoba ta zama gyara, don sakamako kan ɗauki wajen mako biyu. Wanda ya yi sakandare da Faransanci ko Larabci zai ƙara da jarabawar Turanci, TOEFL ko IELTS ko ta Duolingo da ake yi a gida.

Sai biza, wadda babu na'urar ƙiyasin da ke sa ta a lissafi. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Disamba ta ƙara da Nijar, ta kuma sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Kafin kowa ya sa hannu a takardar da za ta sa shi janye sauran neman da ya yi, ya tabbatar da halin da ake ciki daga ofishin jakadanci ko masu ba da shawara na EducationUSA, waɗanda ke da cibiyoyi a Abuja, Legas, Yamai da Akara, ya kuma tambayi jami'ar a rubuce ko za ta ajiye masa gurbinsa zuwa wata shekara in biza ta ƙi samuwa.

Amsar tsakiyar Disamba iri uku ce: an ɗauka, an ƙi, ko an ɗage. Wanda aka ƙi ba zai sake neman wannan jami'a a shekarar ba. Wanda aka ɗage wa ya koma cikin taron Janairu, kuma alkawarin ɗauri ya warware. Abin da ya rage masa shi ne makaranta ta aika sakamakon zangon farko, shi kuma ya rubuta gajeriyar wasiƙa guda da sabon abin da ya samu tun Nuwamba, ba ya riƙa damun su da saƙo duk mako ba. Wasu jami'o'i, irin Chicago, Vanderbilt, Johns Hopkins, NYU, Emory, Tufts da Bowdoin, suna da zagaye na biyu na ƙofar ɗauri a Janairu, amsa ta zo a Fabrairu. Tsakanin 15 ga Disamba da farkon Janairu kuwa mako biyu ne da 'yan kwanaki, makarantu na hutu, malamai sun yi tafiya. Don haka ƙananan rubuce-rubucen sauran jami'o'in a gama su a Nuwamba, a kuma danna aikawa kwana uku kafin wa'adi, saboda wuta, da intanet, da katin bankin da kan ƙi biyan dala a daren ƙarshe.